Lhasa: Fada a Kan Dutse, Ɗakin Ibada a Tsakiyar Kasuwa

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar yuwan 50, kuɗin ƙasar Sin, ya juya bayanta, to ya ga fadar Potala ko da bai san sunanta ba. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou saro kaya sun sha ƙirga ta a tafin hannu. Gini ne fari sol mai jan tsakiya, ya ɗare kan dutse ya zauna daram kamar tare aka halicce su. Daga Guangzhou ɗin nan akwai jirgin ƙasa da ke tashi zuwa garin da fadar take, wato Lhasa, babban birnin Tibet, yakan yi fiye da kwana biyu yana tafe yana hawa. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, Turawa ɓad da kama suke yi, wani da shigar mabaraci, wani da ta ɗan ziyara, don kawai su sa ƙafa a garin, kuma akasarinsu a hanya aka juyo da su tun ba su hango shi ba.

Abin da ke fara tarbar baƙo a Lhasa shi ne ƙarancin iska. Garin a kwari yake, amma kwarin nan kansa ya ɗara doron teku da kimanin mita 3,650. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu mai tsawonsa a Najeriya, bai kai mita 2,500 ba. Shi ya sa 'yan jagora ba sa kai baƙo Potala ranar da ya sauka. Sai ya kwana ɗaya ko biyu, ciwon kai ya lafa, numfashi ya daidaita, domin matakalun fadar ba su san tausayi ba. Ga mai son tarihi wannan jinkiri alheri ne, don yakan sa a fara daga inda labarin ya fara, wato ɗakin ibada na Jokhang da ke ƙasa cikin tsohon gari, kasuwa ta yi masa zobe. Jokhang ya girmi Potala da kusan shekara dubu.

A ƙarni na 7, daidai zamanin da Musulunci ke fita daga Madina yana bazuwa, wani sarki mai suna Songtsen Gampo ya haɗa kan mutanen tsaunukan Tibet da ƙarfin takobi. Daular da ya kafa ta yi ƙarfin da har sarkin Sin na gidan Tang ya ga gara surukuta da ita da gaba. A shekarar 641 aka kawo masa gimbiya Wencheng. Mutanen Tibet sun ce kafin ita ya auri wata gimbiyar Nepal mai suna Bhrikuti, kuma kowace amarya ta zo da mutum-mutumin Buddha cikin kayanta, aka gina wa kowanne ɗakinsa.

A labarin da suke ba 'ya'yansu har gobe, Wencheng ta iya duba. Ta duba ƙasa ta ce Tibet gaba ɗayanta wata ƙatuwar aljana ce kwance rigingine, wani tafki da ke tsakiyar kwarin kuma shi ne jinin zuciyarta, muddin ba a danne ta ba sabon addinin ba zai sami gindin zama ba. Sai aka gina ƙananan ɗakunan ibada goma sha biyu a kan kafaɗunta da ƙugunta da gwiwoyinta da tafukan hannu da ƙafa, kamar an kafe ta da turaku. Aka cike tafkin da ƙasa, aka ɗora Jokhang a kan zuciyar. Awaki ne wai suka yi jigilar ƙasar, shi ya sa ake ce wa wurin Rasa, wurin awaki, kafin ya koma Lhasa, wurin alloli. An rubuta wannan labari ne ɗaruruwan shekaru bayan mutuwar sarkin, don haka masana ba sa haɗiye shi duka. Abin da ido ke iya tabbatarwa shi ne ƙofar ginin yamma take kallo, wajen Nepal, kuma sassaƙar da ke jikin tsofaffin ginshiƙan katako na ciki salon masassaƙan Nepal ce.

Mutum-mutumin da Wencheng ta kawo shi ake kira Jowo, siffar Buddha yana ɗan shekara goma sha biyu. Da farko a ɗakin ibada na Ramoche aka ajiye shi, a arewacin gari, daga baya aka mayar da shi Jokhang, sunan da ke nufin gidan Jowo. A duk faɗin Tibet babu abin da ake girmamawa kamarsa. Tun da sassafe mutane ke jera layi, kowa riƙe da buta ko leda ta man shanun yak, saniyar tsauni mai dogon gashi, suna ɗiɗɗiga shi cikin fitilu don kada su mutu. Ciki akwai duhu, ga hayaƙin turaren wuta, ga ƙasa tana santsi saboda man da ya shekara ɗaruruwa yana zuba. A bakin ƙofa kuwa duwatsun daɓe sun lotsa sun yi sheƙi, ba don komai ba sai gugar tafukan hannu da gwiwoyin masu kwanciya rubda-ciki.

Ni Musulmi ne, goshina ga Allah Shi kaɗai yake sauka, kuma ban ɗauki alƙalami don in yi wa abin bautar wani kwalliya ba. Amma wanda ya san yadda kakanninmu suka riƙa tafiya Makka a ƙasa, ta Chadi da Sudan, suna yada zango su yi noma su sami guzuri, wani ya tafi da ƙuruciya ya dawo da furfura, ba zai ga ɗan ziyarar Tibet ya yi masa dariya ba. Akwai masu tahowa daga Amdo ko Kham, can gabas mai nisa, suna auna hanya da tsawon jikinsu. Mutum ya yi taku uku, ya miƙe a ƙasa, ya kai hannu iya inda zai kai, ya tashi ya tsaya a nan, ya sake. Warki na fata a ƙirji, katako a tafin hannu, goshi ya yi kanta. Wata da watanni ake yi, wasu su haura shekara.

Idan sun iso, sai kewaye. Zagaye uku ne a garin tun asali. Nangkor yana cikin ginin, Barkhor ya zagaye ginin ta waje, tsawonsa kamar kilomita ɗaya, shi ne kuma babbar kasuwar tsohon gari, sai Lingkor da ya zagaye tsohon birnin duka, kimanin kilomita takwas. Ginin a hannun damansu suke barinsa, saɓanin ɗawafi da ake barin Ka'aba a hagu. Tsofaffi na tafe da carbi mai ƙwaya 108 a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana juya wata 'yar ganga mai mariƙi wadda aka naɗe addu'o'i a cikinta. Baƙon da ya shiga Barkhor ya nufi akasin tafiyar jama'a, ba sai an yi masa magana ba, kafaɗun mutane za su gyara masa hanya.

A gaban Jokhang akwai wani ginshiƙin dutse da aka kewaye da katanga, yawancin masu ɗaukar hoto ba sa ko waiwayarsa. An kafa shi a 823, yana ɗauke da yarjejeniyar sulhu tsakanin Tibet da Sin da harsunan biyu. Kafin a kai ga sulhun an sha gwabzawa. A 763 rundunar Tibet ta shiga Chang'an, babban birnin Sin na lokacin, ta yi kamar mako biyu a ciki, kuma wani ginshiƙin da ke gindin Potala yana tunawa da yaƙoƙin wannan zamani. Yarjejeniyar ta shata iyaka, ta ce kowa ya zauna a ƙasarsa, ta kuma kira sarakunan biyu kawu da ɗan 'yar uwarsa. Yau gwamnatin Beijing tana karanta dutsen ta ga zumunci, 'yan Tibet da ke gudun hijira suna karanta shi su ga ƙasashe biyu masu iyaka a tsakani. Duka biyun a rubuce suke a jikinsa.

Ba a yi shekara ashirin da sulhun ba daular Tibet ta watse. A 842 aka kashe sarki Langdarma, ƙasa ta rarrabu, mulki ya bar Lhasa ya koma wasu garuruwa na tsawon ƙarnoni. Fadoji suka zama kufai. Jokhang dai 'yan ziyara ba su fasa zuwa ba.

Wanda ya dawo wa garin da kima malami ne, Tsongkhapa, haifaffen Amdo a 1357. Ya ga 'yan zuhudun zamaninsa sun yi sake da ƙa'ida, sai ya tsananta a kan barin aure da giya da kuma zurfafa karatu. A 1409 ya kira babban taron addu'a na sabuwar shekara a Jokhang, wanda ake kira Monlam, a shekarar kuma ya kafa Ganden a kan wani tsauni gabas da gari. Almajiransa suka kafa Drepung a 1416, da Sera a 1419, shekarar da ya rasu. Ɗarikarsu ita ce Gelug, masu rawayar hula. Abin da ya fi kusa da waɗannan wurare a wajenmu shi ne tsangaya, sai dai tsangaya ce mai girman gari. Adadin da al'ada ta tsayar shi ne mutum 7,700 a Drepung, 5,500 a Sera, 3,300 a Ganden, kuma Drepung takan wuce nata nesa ba kusa ba. Suna da gandaye, da talakawa masu yi musu noma, da rumbuna, har da nasu dogarawa. Lokacin Monlam, na kusan mako uku, hukuncin birnin kansa hannun jami'an Drepung yake komawa.

Mai ziyara yau zai fi jin daɗin Sera da la'asar sakaliya. A wani fili mai tsakuwa ƙarƙashin itatuwa, almajirai masu jajayen mayafai ke muhawara. Mai amsa yana zaune a ƙasa, mai tambaya yana tsaye a kansa, ya ja carbi zuwa damtse, ya ɗaga ƙafa, ya buga tafi da ƙarfi daidai lokacin da ya jefa tambayar. Daga nesa ka ce faɗa ake. Karatun mantiƙi ne, kuma haka ake yi har kusan shekara ashirin kafin mutum ya sami digirin geshe.

Daga wannan ɗarika Dalai Lama ya fito. A aƙidarsu babban malami in ya mutu yakan dawo a jikin jariri, sai a fita nema, a gwada yaro da kayan mamacin a ga ko zai gane su. A 1578 wani sarkin Mongol, Altan Khan, ya ba shugaban Drepung, Sonam Gyatso, laƙabin Dalai, wato teku da harshensu. Aka ƙirga da magabatansa biyu, ya zama na uku. Na huɗu kuwa a zuriyar Altan Khan ɗin aka same shi. Tun daga nan carbi da takobin Mongol suka ƙulla. A 1642 wani sarkin Mongol, Gushi Khan, ya murƙushe sarkin Tsang da ke gaba da 'yan Gelug, ya miƙa ƙasar ga Dalai Lama na biyar, Ngawang Lobsang Gyatso, yana ɗan shekara 25.

Shi ne ya ga bai dace mai mulkin ƙasa ya ci gaba da zama cikin tsangaya ɗaya ba. Ya zaɓi Marpo Ri, Jan Dutse, inda ake cewa Songtsen Gampo ya taɓa gina fada, don jama'a su san gadon wa ya hau. Aka fara gini a 1645, ya tare a sashen da ake kira Farar Fada a 1649. Sunan Potala daga wani tsauni ne da suka yi imani shi ne mazaunin Chenrezig, ma'abucin tausayi a addininsu, wanda suke ɗauka Dalai Lama jikinsa ne. Ginin yana da hawa 13, tsawonsa ya kai kimanin mita 117, ɗakunansa sun haura dubu. Bangayen suna da kauri a ƙasa, suna rage jiki suna karkata ciki yayin da suke hawa, tagogin kuma an yi musu baƙin gefe mai faɗi daga ƙasa, shi ya sa ido ke ganin ginin ya fi ainihin tsawonsa. Jan layin da ke can sama ƙiraruwa ne aka ɗaure dami-dami aka datse aka rina, don a rage wa bango nauyi.

Dalai Lama na biyar bai ga ƙarshen aikin ba. Ya rasu a 1682, a nan kuma aka yi wani abin da samun irinsa a tarihi sai an tona. Wazirinsa, Desi Sangye Gyatso, ya ɓoye mutuwar har kusan shekara goma sha biyar. Aka ce wa jama'a ya shiga doguwar halwa. Kullum ana kai abinci ɗakinsa, ana jin ƙararrawa da 'yar gangar ibada daga ciki. In wani babban baƙo ya matsa sai ya gan shi, sai a zaunar da wani ɗan zuhudu mai kama da shi a ɗaki mai duhu. A cikin wannan sirri aka gina Jar Fada, daga 1690 zuwa 1694, aka kuma nemo yaron da zai gaje shi aka ɓoye. Wazirin yana tsoron in labari ya fita, Mongol za su janye, ma'aikata su watse, mulkin da bai yi ƙwari ba ya rushe. Sai a 1696 sarkin Sin, Kangxi, ya ji ƙishin-ƙishin ya aiko da wasiƙar fushi, shekara ta zagayo aka sanar. A cikin Jar Fada hubbarensa yake, dogo kamar bene, an lulluɓe shi da zinariya fiye da tan uku. Dalai Lama takwas ne ke kwance a fadar.

Na shida ba ya cikinsu. Tsangyang Gyatso an haife shi a 1683 kusa da Tawang, yankin da yau ke hannun Indiya, kuma sai da ya kai shekara goma sha huɗu aka ɗora shi kan gado, bayan ya riga ya san daɗin duniya. Ya ƙi zaman zuhudu, a 1702 ya mayar da alkawarin da ya ɗauka, ya tara suma, ya shiga harbin baka, da dare ya sauka unguwar Zhol da ke gindin fada. Waƙoƙin soyayyar da ya tsara har yanzu ana rera su. A 1705 wani sarkin Mongol ya kashe wazirin, a 1706 ya tuɓe shi ya aika da shi Sin, ya mutu a hanya kusa da tafkin Kokonor. Mutanen Lhasa ba su taɓa juya masa baya ba. Rikicin da ya biyo baya shi ya kawo rundunar sarkin Sin cikin garin a 1720, daga 1728 kuma aka zaunar da wakilansa na dindindin da ake kira amban. Gardamar yau ta wane ne mai Tibet, saiwarta a nan take.

Akwai abin da Dalai Lama na biyar ya yi wanda ya kamata mai karatu Musulmi ya sani. Tun da daɗewa marubutan Larabawa sun san ƙasar da sunan Tubbat, suna kuma yaba almiskinta a kan na ko'ina. Fatake Musulmi daga Kashmir da Ladakh sun riƙa zuwa Lhasa, wasu suka zauna suka auri matan gari, har kalmar Khache, wato Kashmir, ta zama sunan Musulmi a harshen Tibet. Jikokinsu suna ba da labari cewa wata rana Dalai Lama ya hango wani bawan Allah yana salla a kan tsauni a bayan gari, ya sa aka kira shi ya tambaye shi dalili, ya ce ba su da wurin salla. Sai ya sa aka harba kibau ta kusurwa huɗu, ya ba su filin da ke tsakani. Filin yana nan yamma da gari, da masallaci da maƙabarta. An bar su su zaɓi shugabanninsu su yi hukuncin junansu, an ɗauke musu wasu haraji, an kuma yarda su ci nama a watan da mabiya Buddha ke ƙaurace masa. Musulmin da suka zo daga Sin, 'yan ƙabilar Hui, su kuma suka gina babban masallacin da ke gabas da Barkhor a 1716, suka riƙe fawa, domin mutanen gari suna cin nama amma suna ƙyamar yanka. Akwai ma wani littafin nasiha da harshen Tibet, Khache Phalu, da ake jingina wa wani Musulmi, mabiya Buddha kuma suka rungume shi. Sarki mai wani addini ya ba baƙi filin salla da na binne gawa a ƙarni na 17, wannan abin a yaba ne.

Daga ƙarshen ƙarni na 18 aka rufe ƙofa ga Turawa. Dalai Lama na tara zuwa na goma sha biyu babu wanda ya kai shekara 22, masu riƙon ƙwarya ke juya ƙasa, kuma suna ganin yadda Ingila ke haɗiye Indiya gari bayan gari. Da Ingilishi suka rasa hanya sai suka horar da 'yan ƙasa. Nain Singh, malamin makaranta daga tsaunukan Kumaon, ya iso Lhasa a 1866 cikin ayarin fatake. An koya masa taku mai tsawo ɗaya, dubu biyu a mil guda. Carbinsa ƙwaya 100 ne a madadin 108, da shi yake ƙirga takun, yana ɓoye rubutunsa cikin 'yar gangar addu'a, yana kuma gane tsawon wuri daga zafin da ruwa ke tafasa. Da haka Lhasa ta sami gurbinta na daidai a taswirar Turawa.

Bayan ma'auni sai bindiga. Gwamnan Ingila a Indiya, Curzon, yana zargin Rasha na zawarcin Tibet, sai ya tura Francis Younghusband da runduna. Ranar 31 ga Maris 1904, a kusa da Guru, sojojin Tibet suka tare hanya da bindigogin toka da takubba da layu a wuya. Aka buɗe musu bindiga mai jigida, cikin 'yan mintoci aka kashe kusan mutum 600 ko fiye. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan. Shekara ɗaya kafin nan, a Maris 1903, irin wannan bindiga ta Maxim, a hannun daula ɗaya, ita ta watsa rundunar Sakkwato, a watan Yuli kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Younghusband ya shiga Lhasa a watan Agusta, ya tarar Dalai Lama na goma sha uku ya fice zuwa Mongoliya, ya tilasta wa waɗanda suka rage sa hannu a yarjejeniya cikin Potala ranar 7 ga Satumba. Bai sami makaman Rashan da aka zo nema ba.

Na goma sha uku ya sake gudu a 1910, wannan karon daga rundunar Sin zuwa Indiya. Da daular Sin ta faɗi ya dawo a 1913 ya mulki ƙasarsa ba tare da amban ba har rasuwarsa a 1933. Magajinsa, Tenzin Gyatso, ɗan manoma ne daga ƙauyen Taktser, an haife shi a 1935, aka naɗa shi a 1940. Ya sha faɗin yadda Potala take da sanyi da duhu ga yaro, da yadda yakan hau rufi da madubin hangen nesa yana kallon mutanen gari. Ya fi son Norbulingka, lambun da Dalai Lama na bakwai ya fara a 1755, inda ake ƙaura duk bazara, ake kuma wasan kwaikwayo na waƙa lokacin bikin kindirmo da suke kira Shoton.

A Oktoba 1950 sojojin Sin ta Kwaminis suka ci Chamdo. Aka miƙa wa yaron mulki yana da shekara 15. A Mayu 1951 wakilan Tibet suka sa hannu a yarjejeniya mai sharuɗɗa 17 a Beijing, kafin shekarar ta ƙare sojoji suka shigo Lhasa. Aka yi shekara takwas ana zaman doya da manja. Ranar 10 ga Maris 1959 labari ya bazu cewa an gayyace shi kallon wasa a barikin sojojin Sin, kuma an ce kada ya zo da dogarawansa. Dubban mutane suka yi wa Norbulingka zobe don kada ya fita. Daren 17 ga wata ya sa kayan soja, ya rataya bindiga, ya bi ta cikin taron ba wanda ya gane shi, ya haye kogin Kyichu a kwalekwalen fata. Bayan kwana uku aka fara ruwan igwa. Dubbai suka mutu, makarantar likitanci ta dutsen Chakpori, wadda wazirin nan Sangye Gyatso ya kafa a 1696, ta zama ɓaraguzai, babban masallaci ma ya ƙone a rikicin, sai daga baya aka sake gina shi. Dalai Lama ya isa Indiya ranar 31 ga Maris. A 1960 ɗaruruwan Musulmi 'yan asalin Kashmir su ma suka bi, jikokinsu na Srinagar yau. Mai ziyarar Norbulingka zai ga ɗakunansa a sabuwar fadar da aka gama a 1956, da gadonsa da rediyonsa, kamar mai su ya ɗan fita ne.

Gwamnatin Sin tana kiran abin da ya faru 'yantarwa, tana kuma bikin ranar 28 ga Maris a matsayin ranar 'yanta bayin gandu. Gaskiya ne tsohon tsarin yana da zalunci. Ƙasar noma hannun sarakuna da tsangayoyi da gwamnati take, talaka a ɗaure yake da gandun ubangidansa, ga aikin tilas, ga kurkuku a gindin Potala kanta. Wanda ya ɓoye wannan bai yi adalci ba. Amma zaluncin masu gandu bai zama hujjar abin da aka yi a Agusta 1966 ba, lokacin juyin al'adu na Mao, da aka tura matasa, har da 'ya'yan Tibet ɗin, suka faɗa Jokhang suka farfasa siffofi suka tara littattafai a tsakar gida suka cinna wuta. Aka mayar da ginin barikin soja. Ganden aka rushe ta kusan ƙurmus. Potala ta tsira, ana cewa da umarnin Firayim Minista Zhou Enlai. Talakan da aka ce an zo 'yantawa shi ne aka hana kewaye ɗakin da kakanninsa suka shekara dubu suna kewayawa. Da aka sassauta wajen 1980, shi ne kuma ya fara dawowa da man shanunsa a hannu.

Yau an gyara gine-ginen. Hukumar UNESCO ta sa Potala cikin kayan tarihin duniya a 1994, Jokhang a 2000, Norbulingka a 2001. Jirgin ƙasa ya iso a 2006, ta hanyar da ke hawa har mita 5,072. An tashi yawancin unguwar Zhol aka shimfiɗa makeken dandali. Bayan zanga-zangar 1987 zuwa 1989 da ta 2008, ba a shiga Barkhor sai an bi ta shingen bincike. Ɗan ƙasar waje ba ya zuwa da biza kaɗai, sai da takardar izini ta musamman da ɗan jagora mai rajista. Tikitin Potala da lokaci ake yankarsa, a lokacin cunkoso kamar awa ɗaya ake ba mutum a ciki, ba a ɗaukar hoto, hoton Dalai Lama na goma sha huɗu kuwa haramun ne a riƙe shi. Ya cika shekara 90 a Yuli 2025 a Dharamsala ta Indiya, bai sake ganin garin ba. Fadar ta zama gidan tarihi, amma duk shekara in damina ta wuce mutanen gari kan fito da bokitai su yi mata fenti da farar ƙasa, suna kawo madara da sukari da zuma daga gidajensu a zuba a ciki.

Mai karatu, in Allah Ya kai ka Lhasa, kada ka yi gaggawar hawa dutse. Fito da sassafe ka tsaya gefen Barkhor ka ga masu kewaye kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, ka nemi ginshiƙin 823, kada ka ɗora wa mai ibada kyamara a fuska, kada kuma ka ja ɗan jagoranka da hirar siyasa, don kai za ka tafi shi zai zauna. In ranar Juma'a ce, ka tambayi hanyar babban masallaci. Tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa daga Jokhang, ta gabas.